Zubewar gashi: yadda ake bin gwaje-gwajen asibiti daki-daki har a gano dalili

Kusan kowane mako sai wata ta turo mini tambaya iri ɗaya: "Gashina yana ta zuba, wane gwaji zan je in yi?" Wasu har da hoton takardar sakamako. An ɗebi jini kwalba huɗu ko biyar, an biya kuɗi masu kauri, komai ya fito lafiya ƙalau, gashi kuwa bai fasa bin mataji ba. Haka takan faru idan aka soma daga tsakiya. Gwajin jini kaɗan yake kamawa daga cikin dalilan zubewar gashi. Sauran sai an zauna an ji labari, an buɗe kai an duba, wani lokaci a kankari fata ko a cire ɗan ƙanƙanin nama. Saboda haka jerin matakan nake so a riƙe da kyau. Da mata zan fi yin magana domin su suka fi tambaya, amma maza da iyayen yara su ma da nasu a ciki.

Mataki na 1: Tantance irin zubar tun daga gida

Kan mutum yana ɗauke da silin gashi wajen 100,000, kuma zubar sili 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ne. Mai kitso ba ta ganin wannan zubar kullum, domin gashin da ya saki yana maƙale a cikin kitson. Ki lissafa: kitson da ya yi mako 4 yana iya tara sili 1,400 zuwa 2,800. Ranar tsifa sai su fito gaba ɗaya, dunƙule guda cike da tafin hannu, gaban mace ya faɗi. Wannan kaɗai bai isa a ce da matsala ba. Abin lura shi ne ko dunƙulen yana ƙaruwa daga tsifa zuwa tsifa, ko tsagar kitso tana ƙara faɗi, ko ribom ɗin da kike naɗawa sau biyu yanzu sai sau huɗu kafin ya kama.

Ki shimfiɗa farar takarda a wuri mai haske, ki baje gashin da ya fito. Silin da ya zubo daga saiwa dogo ne, kuma a gindinsa akwai ɗan farin kai kamar ƙwayar gero da aka raba. Wanda ya karye gajere ne, ba shi da wannan kan. Karyewa galibi aikin rilaksa ne, ko rini, ko zafin abin busar da gashi, ko taje busasshen kai da ƙarfi, kuma da wuya jini ya nuna komai a kanta.

Sai ki lura da wurin da abin ya fi ci: ko'ina ne bai ɗaya, ko gaban goshi da saman kunnuwa, ko tsakiyar kai, ko wani fili ne zagayayye kamar kwabo, ko ƙeya. Ki sa wata ta ɗauki hoto huɗu da waya a hasken rana: gaba, gefe biyu, da tsakiya daga sama. Ki maimaita kowane wata a wuri ɗaya. Ido yana mantuwa, hoto ba ya yi.

Gargaɗi: idan fatar wurin ta yi sumul tana sheƙi kamar tabon ƙuna, ko tsakiyar kai tana zafi, raɗaɗi ko ƙaiƙayi, ko akwai ƙuraje masu ruwa ko mugunya, kada ki tsaya tara hotuna. Akwai cututtukan da ke kashe saiwar gashi su bar tabo, kuma inda tabo ya zauna gashi ba ya sake fitowa. A irin wannan, kowane wata na jinkiri asara ce.

Mataki na 2: Rubuta abin da ya same ki a watanni 6 da suka wuce

Wannan matakin ba ya cin ko sisi, amma a ganina ya fi rabin gwaje-gwajen lab amfani. Kowane sili yana shekaru yana girma, sannan ya huta na kimanin wata 3 kafin ya faɗi. Idan jiki ya gamu da wata babbar wahala, gashi mai yawa yakan shiga hutun nan lokaci guda, sai ya zubo bayan wata 2 zuwa 3, lokacin da mai shi ta warke har ta manta ta yi ciwo. Shi ya sa ake ɗora laifi a kan man da aka saya jiya, ko makitsiyar da aka canza makon jiya.

Ƙanwata ta haihu, ta yi arba'in lafiya, ta koma ɗakinta. Yaron yana wata 4 ta kira ni bayan isha'i, muryarta na rawa: "Yaya, kaina zai ƙare. Na taje yau, sai da na cika leda." Ta riga ta zubar da man kitsonta, ta yanke shawarar ba za ta ƙara zuwa wajen makitsiyarta ba. Na ce ta ƙirga mini watannin yaron. Zubar bayan haihuwa takan yi tsanani daidai wannan lokacin, kuma ga yawancin mata takan lafa kafin yaro ya shekara. Abin da ya sa duk da haka na matsa mata ta je asibiti shi ne ta ce tana haki idan ta hau bene, kuma tana kwaɗayin farar ƙasa. Wannan alama ce ta ƙarancin sinadarin ƙarfe a jiki, kuma gwaji ya tabbatar.

Ki rubuta a takarda, da watan da kowanne ya faru: haihuwa ko ɓari, zazzaɓi mai zafi kamar taifod ko maleriya da ta kwantar da ke, tiyata, zubar jini, ramewa farat ɗaya ko rage cin abinci don rage ƙiba, rasuwa ko wani tashin hankali a gida. Ki ƙara da yadda al'adarki take: kwana nawa, yawanta, ko tana zuwa da guda-guda, ko tana tsallake watanni. Ki rubuta yadda kike kula da kai: duk bayan wata nawa kike sa rilaksa, ko kina ƙarin gashi, ko kitso yakan ɗaure ki har ki sha fanadol ko ki kasa ɗora kai a filo a daren farko. Ki tuna ko mahaifiya, inna ko yayye mata suna da raguwar gashi a tsakiyar kai.

Magunguna kuma kada ki dogara da tuna sunansu. Ki zuba kwalayen duka a leda ki tafi da su, har da na gargajiya, da na ƙarin kuzari, da ƙwaya ko allurar tazarar haihuwa. Maganin ciwon daji, da maganin farfaɗiya valproate, da warfarin mai tsinka jini, da isotretinoin na ƙurajen fuska, da bitamin A idan ya yi yawa, duk an san suna zubar da gashi.

Gargaɗi: kada ki daina shan maganin da likita ya ɗora ki a kai don kin ga sunansa a nan. Yanke maganin farfaɗiya ko na tsinka jini kwatsam yana iya kai mutum ga halaka. Likitan da ya rubuta shi ne zai canza.

Mataki na 3: Zaɓi ƙofar da za ki shiga

Ki fara da likita, ba da lab ba. Likitan da ke ganin kowa a babban asibiti zai iya jin labari, ya duba kai, ya rubuta gwajin jini na farko. Idan akwai alamar tabo, ko fili zagayayye, ko zubar ta haura wata 6, ki nemi ya ba ki takardar turawa zuwa likitan fata, domin gashi da farce duk a ƙarƙashinsa suke. Likitocin fata ba su da yawa, an fi samunsu a asibitocin koyarwa irin su na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da na Maiduguri da Jos, da Babban Asibitin Ƙasa a Abuja. A Nijar sai manyan asibitocin ƙasa kamar na Yamai da Damagaram. Ba kullum suke zama ba, don haka ki tambayi ranar da ake ganin masu ciwon fata kafin ki kashe kuɗin mota.

Idan buɗe kai gaban namiji zai yi miki nauyi, ki faɗa tun wajen yankar kati, ki nemi likita mace, ko a sa ma'aikaciyar jinya ta tsaya a ɗakin. Haƙƙinki ne. Abin da ba zai yiwu ba shi ne a gano ciwon kai ta saman hijabi.

Gargaɗi: akwai masu sayar da magungunan ƙarin lafiya da ke sa mutum ya riƙe wani ɗan ƙarfe da aka jona da kwamfuta, cikin minti biyu ta fitar da jerin sinadaran da wai jiki ya rasa. Na'urar ba ta auna komai a jini. Ƙarshen zancen kullum shi ne ki sayi kayansu.

Mataki na 4: Shirya kai kafin ranar

Ki tsefe kitso gaba ɗaya kwana 2 ko 3 kafin ranar, ki cire duk ƙarin gashi, ki wanke, ki taje a hankali. Daga nan ki bar shi: kada ki sake wankewa a ranar ko ana gobe, domin wanki yana kwashe gashin da ya saki, likita ya ja bai samu komai ba. Kada ki shafa mai, ko man kaɗanya, ko jel, kada ki sa lalle ko baƙin rini don rufe wurin. Idan ana zargin makero ko kora, a dakatar da duk man shafawa na magani da sabulun magani na kwanaki kafin a je. Namiji kada ya yi aski ƙwal a makon, ya bar suma ta ɗan taso yadda za a iya kamawa.

Gargaɗi: idan kina shan ƙwayoyin gyaran gashi da farce, ki duba jikin robar ko akwai biotin, wani nau'in bitamin B. Babban mutum microgram 30 yake bukata a rana, amma irin waɗannan ƙwayoyin sukan ƙunshi 5,000 ko 10,000. Wannan yawan yana rikita na'urorin lab da dama, ya sa sakamakon gwajin tayirod, ƙwayar nan ta gaban wuya, ya fito kamar tana aiki fiye da kima alhali lafiyarta lau. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan biotin da gwaje-gwajen jini tun 2017. Ki dakatar da shi aƙalla kwana 2 zuwa 3 kafin a ɗebi jini, kuma ki gaya wa likita kina sha.

Mataki na 5: Abin da zai faru a ɗakin likita

Zai raba gashin wuri-wuri yana duban fata. Babbar tambayar da yake neman amsarta ita ce ko ƙofofin da gashi ke fitowa suna nan. Idan suna nan, akwai fatan gashi ya dawo. Idan sun shafe, tabo ya shiga, aikin ya koma na ceton abin da ya rage.

Zai kama sili 40 zuwa 60 kusa da gindi ya ja a hankali, a wurare da dama. Idan sama da 5 ko 6 suka biyo hannunsa, zubar tana kan ganiyarta. Zai kuma riƙe tsakiyar gashi da hannu ɗaya ya ja bakin da ɗayan, ya ga ko yana tsinkewa. Likitan fata yakan ɗora wani ɗan madubi mai fitila a kan fatar, wanda ke ƙara girman abu kamar sau 10. Da shi ake ganin gashin da ya sirance ya cakuɗu da mai kauri, alamar sanƙon gado. Ko guntaye masu siririn gindi a bakin fili zagayayye. Ko masu lanƙwasa da murɗewa na ciwon kora.

Sau da yawa a nan ake gama bincike, ba tare da allura ko ɗaya ba. Gaban goshi da saman kunnuwa da suka ja baya, da 'yan siraran gashi jere a can bakin iyaka, ga tarihin matsattsen kitso ko ɗaurin gashi tamau a ƙarƙashin ɗankwali: ja ne ya cinye shi. Magani na farko shi ne sassauta hannu, kuma idan aka yi da wuri yana dawowa. Namijin da sanƙo ya soma masa daga gefen goshi ko tsakiyar kai sannu a hankali, ga mahaifi ko kawu da irinsa, galibi ba ya bukatar gwajin jini. Fili zagayayye mai santsi, ba ƙaiƙayi ba ɓawo, wanda wanzami ko makitsiya ke fara ganowa, yawanci garkuwar jiki ce ta juya wa saiwar gashi. Nan ne ake yawan kawo zancen sammu ko jinnu, a yi ta goga tafarnuwa da albasa har fata ta saluɓe. Ciwo ne sananne, ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, yakan cike da kansa ga mutane da yawa, kuma akwai allurar da likitan fata ke yi a wurin duk mako 4 zuwa 6.

Ki bari ya duba gira, farce, wuya da bakinki. Zubar gira tana iya nuna matsalar tayirod, idan kuma ta zo da wani fili a fata mai haske wanda ba ya jin taɓi, sai an bincika kuturta, wadda maganinta kyauta ne.

Mataki na 6: Kankarar fata, musamman ga yara

Yaron da ya zo da fili a kai mai farin ɓawo kamar toka, da guntayen gashi, da kaluluwa a bayan wuya, kora ake fara zargi. Ƙwayar cuta ce dangin funfuna, tana bin aska, kilifa, mataji, hula da filo, shi ya sa take zagaye gida ko makarantar allo.

Za a kankari ɓawon bakin filin da gefen reza ko gilashi, a tsige 'yan guntayen gashi, a naɗe a takarda. Ba ya zafi. A lab za a ɗiga musu ruwan sinadarin da ake rubutawa KOH a duba a madubin likita, sakamako yakan fito a ranar ko washegari. Idan aka ce za a shuka samfurin don a san ainihin ƙwayar, wannan yana ɗaukar mako 2 zuwa 4, kuma ba a jiransa kafin a fara magani. Wasu likitoci suna haska kai da wata fitila mai shuɗin haske a ɗaki mai duhu. Wasu ƙwayoyin suna yin kore a ƙarƙashinta, wasu da ke yawo a Afirka ta Yamma ba sa yi, don haka rashin haske bai wanke yaro ba.

Gargaɗi: man shafawa kaɗai ba ya kashe kora, domin ƙwayar tana cikin silin gashi har saiwa. Sai maganin sha, kamar griseofulvin na mako 6 zuwa 8, gwargwadon nauyin yaro. Mayukan kemis masu haɗi uku suna kwantar da ƙaiƙayi, su ɓoye alamar, ciwon kuma ya ci gaba a ƙasa. Na ga ɗan maƙwabciyata da aka yi wa haka wata 2, har wurin ya kumbura ya yi laushi yana tsattsafo da mugunya. Aka ɗauka maruru ne, aka kai shi wani kemis aka tsaga. Ba maruru ba ne, kora ce ta yi tsanani, kuma irin wannan kumburin ba a tsaga shi. Yau yana da tabo a wurin da gashi ba ya fitowa. A duba sauran yaran gida, kowa kuma a saya masa kayan askinsa.

Mataki na 7: Gwajin jini

Wannan na wadda gashinta ke zuba ko'ina ne, ko wadda labarinta ya nuna wani abu a jiki. Uku ne na farko.

Na ɗaya, ƙidayar jini, wanda za ki ga an rubuta FBC a Najeriya, NFS a Nijar. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar haemoglobin, wato sinadarin da ke sa jini ja, ƙasa da 12 ga mace, ƙasa da 11 ga mai ciki (10.5 a watanni ukun tsakiyar ciki), ƙasa da 13 ga namiji a matsayin ƙarancin jini. Gwajin yawan jini na PCV kaɗai ya fi arha, amma bayaninsa kaɗan ne.

Na biyu, feritin, kuma a kansa aka fi yin kuskure. Feritin rumbun sinadarin ƙarfe ne a jiki. Rumbu yana iya zama fayau alhali tukunyar yau tana kan wuta: FBC ya fito daidai, a ce miki "jininki ya isa, Hajiya", ajiya kuwa ta ƙare. Ƙasa da 15 ƙaranci ne tabbatacce, likitoci da yawa kuma suna fara magani daga ƙasa da 30 idan gashi na zuba. Sai dai feritin yakan hau idan akwai zazzaɓi ko kumburi a jiki, ya ɓoye ƙarancin. Idan kin tashi daga maleriya, ki bari 'yan makonni su wuce, ko ki gaya wa likita don ya haɗa da gwajin kumburi na CRP. Idan ya fito ƙasa, tambaya ta gaba ita ce ina ƙarfen yake tafiya: yawan jinin al'ada, ƙarin mahaifa, haihuwa kusa-kusa, gyambon ciki, tsutsar ciki ko tsargiya. Namiji, ko macen da ta daina al'ada, idan aka same su da ƙarancin ƙarfe, dole a binciki hanji da ciki.

Gargaɗi: kada ki fara shan maganin ƙarin jini kafin a gwada. Mai sikila musamman, da duk wanda ake yawan yi wa ƙarin jini, ƙarfe yana iya yi masa yawa ya cutar da hanta da zuciya.

Na uku, TSH, gwajin tayirod, ƙwayar nan ta gaban wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo. Yawancin lab suna sa iyakarsa tsakanin 0.4 da 4.0 ko kusa da haka. Ki bi wadda aka buga a takardarki. Idan ya hau, ƙwayar ta yi sanyi: kasala, jin sanyi, ƙiba, bushewar fata, taurin bayan gida. Idan ya sauka, ta yi zafi: ramewa, zufa, bugun zuciya, rawar hannu. Duka biyun suna zubar da gashi. Mai jego ta lura, domin tayirod yakan rikice wa wasu mata a shekarar farko bayan haihuwa, a ɗauka gajiyar raino ce. A fara da TSH kaɗai; idan ya kauce sai a ƙara T4, gwajin sinadarin da tayirod ke fitarwa.

Waɗannan ukun ba sa bukatar azumi. Sauran kuwa sai da dalili. Gwajin homon, irin su testosterone, DHEAS da prolactin, na macen da al'adarta ke tsallake ne, ko gashi ke fito mata a haɓa, ko ƙurajen fuska suka addabe ta, ko haihuwa ta yi jinkiri. Da safe ake ɗiba, a farkon kwanakin al'ada, sau da yawa tare da hoton mahaifa. Ƙwayar tazarar haihuwa tana canza sakamakon, shayarwa kuma tana ɗaga prolactin. Gwajin tunjere, VDRL ko RPR, ana yinsa idan gashi ya zube tsalli-tsalli kamar asu ya ci tufa. Kada ki ji an ci mutuncinki idan likita ya rubuta shi ko na ƙanjamau, tunjere allura ke warkar da shi. ANA na wadda ke da ciwon gaɓoɓi ne, da gyambon baki, da ƙurajen da rana ke tayarwa, don neman cutar lupus, wadda garkuwar jiki ke juya wa jikin kansa. Bitamin D da zinc suna da tsada, alaƙarsu da gashi kuma ba ta kai ta ƙarfe da tayirod ƙarfi ba. Ni dai ba na ba da shawarar a fara da su.

Mataki na 8: Lissafin kuɗi

Farashi yana bambanta daga gari zuwa gari, yana kuma tashi da tashin dala domin sinadaran gwaji daga waje ake shigo da su. Amma jerin tsadar bai cika canzawa ba. PCV, FBC da kankarar fata su ne masu sauƙi. Feritin da TSH kowanne yakan ninka FBC. Homon, bitamin D, ANA da gwajin nama su ne a sama. Idan aljihu bai kai ba, ki ce wa likita kai tsaye: "Likita, kuɗina ba za su isa duka ba, wanne zan fara?" Babu abin kunya a ciki, kuma zai jera miki.

Ki tambayi farashi a lab ɗin asibiti da wani na waje kafin ki biya. Mai inshorar lafiya ta NHIA ko ta jiha ta tambayi waɗanda aka ɗauke mata. Ki tambayi ko a nan suke yin gwajin ko aikawa suke yi wani gari, domin hakan ke sa sakamakon kwana ɗaya ya koma na mako. Ki karɓi takarda mai lambobi da iyakokinsu, ki ɗauki hotonta. "Komai lafiya" da baki ba sakamako ba ne.

Mataki na 9: Cire ɗan nama don gwaji

Jin za a cire nama yana tsorata mutane, har wasu su gudu daga nan. Ƙaramin aiki ne na kamar minti 15. Za a yi allurar kashe zafi a wurin, a sa wani ɗan ƙarfe mai zagayayyen baki, faɗinsa milimita 4, a cire fata har saiwar gashi, a yi ɗinki ɗaya ko biyu da za a cire bayan mako 1 zuwa 2. Sakamako yakan ɗauki makonni.

Wadda ta fi bukatarsa ita ce macen da tsakiyar kanta ke raguwa, filin yana faɗaɗa a zagaye kamar an ɗiga mai a ƙyalle, wani lokaci da raɗaɗi, wani lokaci shiru. Likitoci suna kiran wannan ciwo CCCA, kuma ya fi kama mata baƙar fata. An daɗe ana ɗora laifinsa a kan rilaksa da zafi kaɗai, sai wani bincike da aka wallafa a 2019 ya nuna wasu masu shi suna da sauyi a ƙwayar gado mai suna PADI3. A farkonsa yana kama da raguwar gashi ta gado, maganinsu kuwa daban: wannan sai an kashe kumburin da ke cin saiwa. Jini ba ya nuna shi.

Gargaɗi: daga bakin filin ake cirewa, inda gashi ya rage kuma ciwon ke ci, domin tsakiyar tabo ba abin da za ta nuna. Ki faɗa tun kafin a fara idan jikinki yana yin tabo mai tudu, ko kina shan asfirin ko wani maganin tsinka jini.

Mataki na 10: Koma da sakamako, ki san lokacin jira

Ki mayar wa likitan da ya rubuta gwajin, kada ki kai wa mai kemis ko ki tura a WhatsApp a fassara miki. Idan ƙarfe ne, za a ba ki ƙwaya ta watanni, a sake gwaji bayan wata 3, kuma akan ci gaba da sha kamar wata 3 bayan jini ya daidaita don rumbu ya cika. Kada ki haɗa ta da shayi ko madara, suna hana ta shiga jiki. Idan tayirod ne, ana sake TSH mako 6 zuwa 8 bayan fara magani. Idan an ba ki minoxidil, maganin tsiro da gashi na shafawa, zuba takan ɗan ƙaru a makonnin farko, amfaninsa sai bayan wata 4 zuwa 6, kuma idan aka daina gashin da ya kawo yakan tafi. Mai ciki da mai shayarwa su gaya wa likita kafin su taɓa shi.

Gashi ba ya wuce kusan santimita 1 a wata, don haka ko an dace da magani, sai an yi wata 3 zuwa 6 kafin ido ya ga bambanci. Alamar farko ita ce 'yan gajerun gashi tsaye a bakin goshi da cikin tsaga.

Idan duk gwaje-gwaje sun fito daidai, kuma akwai haihuwa ko zazzaɓi a tarihinki, mai yiwuwa zubar wucin gadi ce da za ta tsaya cikin wata 6. Ki sassauta kitso, ki huta da rilaksa, ki ci gaba da ɗaukar hoto kowane wata. Idan wata 6 suka cika ba ta tsaya ba, ko tsaga tana ƙara faɗi, ko tsakiyar kai ta fara zafi, ki koma da hotunan da takardun duka, ki nemi ganin likitan fata, ki tambaye shi kai tsaye ko lokacin gwajin nama ya yi.